Nikon D3500 bayan shekara biyu: sai da na bar Auto na san abin da ke hannuna

Hoton mahaifiyata ne ya fitar da ni daga Auto. Wata safiya na same ta zaune a gefen taga tana zura zare a allura, hasken safe ya sauko a kan rabin fuskarta, ɗaya rabin yana cikin inuwa mai laushi, har layukan da shekaru suka zana a gefen idonta ana iya ƙirga su. Na lallaɓa na ɗauko kyamarar. A lokacin watanta huɗu a hannuna, kuma faifan da ke samanta bai taɓa gusawa daga koren rubutun nan ba. Ina dannawa sai filasha ta ɗago kai da kanta ta watsa haske fal. Da na duba allon sai jikina ya yi sanyi: goshi na ƙyalli, baƙar inuwa ta manne a bango, hasken tagar da ya tayar da ni daga zaune ya ɓace ɗungurungum. Kyamarar ba ta yi laifin komai ba. Ni na bar mata zaɓi, ita kuwa ta ga ɗaki da duhu, ta kunna fitila.

"Ka gama?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Saura ɗaya, Mama. Ci gaba da abinki."

Na danne filashar, na juya faifan zuwa A kamar yadda na taɓa gani a littafinta, na buɗe ƙofar haske iya ƙarshenta, na kai ISO 800, na tokare gwiwar hannuna a jikin kujera. Wannan hoto na biyu shi ne a rataye a ɗakina yau. Tazarar da ke tsakaninsa da na farko ba ta kai minti ɗaya ba, kyamara ɗaya ce, lensi ɗaya, haske ɗaya.

Shi ya sa ba zan ɓata lokaci wajen yabon kwali da kwalliyar jiki ba. D3500 ta fito a 2018, irin kyamarorin nan ce masu madubi a ciki, waɗanda in ka sa ido a tagar leƙe kana ganin abu kai tsaye ta cikin lensi. Sensarta, wato ɗan farantin da ke kama hasken hoto a ciki, megafiksel 24.2 ce, faɗinta kusan milimita 23.5 da 15.6, wato ta ninka ta yawancin wayoyi sau da dama, kuma wannan girman shi ne jarinta. Nauyin jikinta da batir da kati gram 415 ne, ba ta gajiyar da wuya. Takan zo da lensi mai zuƙowa daga 18mm zuwa 55mm. Batirin kuwa, a ma'aunin gwajin masana'antu an rubuta masa hoto 1,550 a caji ɗaya, ni dai sau da yawa nakan yi mako ban nemi caja ba. Wannan ke nan game da jiki. Ainihin zancen yana kan faifan nan na sama.

Na fi gane aikin kyamara da na kwatanta ta da ido. Akwai ƙofar haske, wadda take buɗewa ta tsuke kamar ƙwayar ido, ana auna ta da lambar f, kuma abin da ke rikita sabon shiga shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/3.5 a buɗe take, f/16 a tsuke. Akwai saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske zai samu ya shiga, a wannan kyamarar daga daƙiƙa 30 har zuwa kashi ɗaya cikin 4,000 na daƙiƙa. Sai ISO, daga 100 zuwa 25,600, wanda yake ƙara wa hoto haske amma yana zuba masa wani abu kamar yashi in an matsa masa. Ukun nan ciniki suke yi a tsakaninsu. In ka rage rabin ɗayansu, dole wani ya ninka kafin hoton ya tsaya a hasken da yake. Haruffan P da S da A da M ba komai ba ne illa rabon aiki: a S kai ne mai saurin ƙiftawa, a A kai ne mai ƙofar haske, a M komai naka ne, a P kuma kyamara ke zaɓen biyun amma tana barin ka da ISO da filasha da sauran gyare-gyare.

Kaso mafi tsoka na hotunana a A nake ɗaukar su, domin ƙofar haske ce ke yanke hukuncin abin da zai fito tar da abin da zai narke a baya. In mutum ɗaya zan ɗauka, ina zuƙowa zuwa 55mm, in buɗe zuwa f/5.6 wanda shi ne iyakar wannan lensi a wurin, sannan in roƙi mutumin ya matso gaba ya bar bango da taki uku ko huɗu. Wannan matsowar ta fi kowane maɓalli aiki. Mutane da yawa suna manna mutum da bango sannan su yi mamakin me ya hana bayansa yin laushi. In taro ne, layi biyu ko uku, sai in tsuke zuwa f/8 don kada na gaba su fito na baya su yi dishi-dishi. Fili da tsaunuka da gine-gine, f/8 zuwa f/11. Da farko na ɗauka tsukewa har f/22 shi ne zai ba ni kaifi mafi kyau, ashe in ƙofa ta yi ƙanƙanta da yawa haske kan bazu a gefenta, hoton ya ɗan rage kaifi. Na gwada da bangon bulo a kan mariƙi mai ƙafa uku, na ga bambancin da idona a kwamfuta.

Bayan shekara ɗaya na ƙara lensin 35mm mai f/1.8, kuma in akwai shawara ɗaya da zan dage a kanta ita ce wannan. Hasken da f/1.8 ke bari ya shiga ya kusa ninki goma na wanda f/5.6 ke bari. Ɗakin da a da sai da filasha, yanzu fitilar silin ta wadatar. Sai dai yana da sharaɗi. In ka matsa kusa da fuska a f/1.8, ido zai fito tar amma kunne ya riga ya fara narkewa, in kuma ka bar kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta, wato wurin da zai fito tar, tana iya kama kan hanci ko kafaɗa, tun da abin da ya fi kusa takan fi so. Don haka nakan zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, in ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da ni. Ga yara da ba sa zama wuri ɗaya kuwa f/2.8 ya fi mini kwanciyar hankali.

Yanzu ga wurin da nake so a tsaya a saurare ni da kyau, domin shi ya fi canza hotunana. Kusa da maɓallin ɗauka akwai wani ɗan ƙaramin maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Ma'aunin hasken kyamara ba ya sanin me yake kallo. Ƙoƙarinsa kullum shi ne ya mayar da abin da ke gabansa tsaka-tsaki, kamar launin toka. In ka nuna masa farin bango sai ya rage haske har bangon ya yi toka-toka. In ka nuna masa baƙin ƙyalle sai ya ƙara haske har baƙin ya koɗe. To ka ɗauki mutum mai duhun fata sanye da farar riga, a tsaye a gaban taga ko a ƙarƙashin sararin sama mai haske. Farin ya cika hoton, ma'auni ya tsorata ya rage haske, fuskar ta nutse, sai haƙora da fararen ido kawai. Na ga hotuna irin wannan ba adadi, kuma yana yi mini ciwo in ji mai hoton yana cewa shi dama ba ya kyau a hoto. Yana kyau mana. Ba a auna hasken don fuskarsa ba ne.

Maganin yana ƙarƙashin yatsa. Ka danne maɓallin nan, ka juya 'yar tayar da ke bayan kyamara zuwa +0.7 ko +1, ka sake ɗauka. Ƙanena na fara gwada wa wannan, yana tsaye a bakin ƙofa rana na bayansa. A sifili, inuwa kawai na samu mai siffar mutum. A +1.3 sai ga fuskarsa da launinta na gaskiya, har ɗan tabon da ke saman girarsa ya fito. D3500 tana ba ka daga -5 zuwa +5, a matakai na sulusi, amma ban taɓa buƙatar wuce biyu ba. Akwai kuma hanyar auna haske a ɗigo ɗaya maimakon hoton gaba ɗaya, tana da amfani, sai dai a kula: in ka ɗora ɗigon a kan fata mai duhu, ma'aunin zai yi ƙoƙarin haska ta fiye da yadda take, don haka a nan ragi za ka yi, ba ƙari ba. Wannan ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna a kaina.

Haɗarin ƙara haske shi ne farar rigar ta ƙone, ta zama fari fat babu zare babu ninki, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Akwai saiti a wurin duba hotuna da ke sa wuraren da suka ƙone su riƙa walƙiya a allo. Na kunna shi, ban sake kashewa ba. In na ga rabin rigar na walƙiya sai in ja baya da sulusi ɗaya ko biyu. A nan ne sensar wannan kyamara ta fi burge ni. In ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, wanda Nikon ke kira NEF, kuma a ISO 100 ko 200, kana iya ɗaga inuwa sosai a kwamfuta fuska ta fito da tsabta. Don haka a rana mai zafi na fi son in kare farin, in ɗago fuskar daga baya. JPEG ba ya ba da wannan sararin.

Filashar da na fara da kuka da ita ma na dawo na shirya da ita, amma da rana nake kiran ta. Tsakar rana, lokacin da inuwa ke taruwa a ramin ido da ƙarƙashin haɓa, in ka ɗaga filasha ka rage ƙarfinta zuwa -1, takan cike ramukan nan ba tare da an gane an yi amfani da ita ba. Abu ɗaya za a riƙe: da zarar filasha ta tashi, saurin ƙiftawa ba ya wuce 1/200. In kana f/1.8 a cikin rana, hoton zai wanke fes. Sai ka tsuke zuwa f/8 ko f/11 ka sauke ISO zuwa 100.

Abu mai motsi kuwa, faifai ya koma S. 'Yata ba ta san tafiya ba sai gudu, kuma ita ta koya mini lambobin nan. A 1/125 hannayenta kan zama hayaƙi. A 1/250 mai tafiya yana tsayawa. Yaro mai gudu sai 1/500, ƙwallo a iska da mai tsalle sai 1/1000. Ina haɗawa da AF-C, wato saitin da ke ci gaba da bin abu muddin yatsana na kan maɓalli rabin dannawa, in kuma kunna ɗauka a jere, wadda ke ba da hoto biyar a daƙiƙa. Cikin biyar ɗin nan galibi akwai ɗaya da ƙafa ta bar ƙasa, fuska kuma tana kallona. Alamar mai gudu da ke kan faifai kusan wannan aikin take yi, tana kashe filasha ta ɗaga sauri, kuma ba laifi ga wanda yake gaggawa. Ni dai na fi son in san lambar da aka zaɓa.

A nan ne kuma kyamarar ke nuna iyakarta. Ɗigon saitinta goma sha ɗaya ne kacal, kuma na tsakiya ne kaɗai mai gani ta tsaye da ta kwance. Da rana ba ka jin wannan. Da magariba, ko ga tsuntsu a sama, na tsakiyar nan nake dogara da shi, in bar fili a gefe don in yanke hoton daga baya, tun da megafiksel 24 sun isa a yi yanka. Wanda babban burinsa tsuntsaye ko wasanni cikin dare, gaskiya ya dubi wadda ta fi wannan.

Wani abu da nake so a S shi ne akasin tsayar da motsi. Ka sauke zuwa 1/30, mai keke na tahowa, ka bi shi da kyamara kana juya ƙugu a hankali, ka danna ba tare da ka tsaya ba. In an dace, shi zai fito, bayansa kuma ya zama zane-zanen gudu. Cikin goma nakan samu ɗaya ko biyu, kuma sun isa.

Dare iri biyu ne. In kyamara na hannu, dokar da nake bi ita ce kada saurin ƙiftawa ya gaza tsawon lensi sau ɗaya da rabi, saboda girman wannan sensa: a 35mm kada in sauka ƙasa da 1/60, a 55mm kada in gaza 1/80. Lensin 18-55mm yana da VR, mai rage rawar hannu, kuma yana aiki, na sha samun hoto mai kaifi a 1/15. Amma rawar hannunka kawai yake gyarawa, ba ya riƙe kan mutumin da ke magana. Game da ISO, a idona 1600 tsaf yake, 3200 ana bugawa a takarda ba kunya, 6400 sai in babu makawa, abin da ya haura nan kuwa launi ya fara lalacewa. Duk da haka na daina tsoron ɗaga shi. Hoto mai ɗan yashi ana kallon sa a ji daɗi, wanda ya girgiza kuwa sai sharewa.

In akwai mariƙi mai ƙafa uku, lissafin ya juye. Faifai a M, ISO a 100, f/8, daƙiƙa goma ko sha biyar, sannan in sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada dannawar yatsana ta girgiza ta. Fitilun motoci su zama dogayen zaruruwa ja da fari, ruwa ya kwanta kamar gilashi. Ranar da na fara ganin wannan a allo na daɗe a tsaye ina kallo. Watan sama kuma, wanda kowa ke ɗauka ya fito kamar farin ƙwai, sirrinsa shi ne hasken rana ne a kansa, don haka saitin rana yake so: f/11, 1/100, ISO 100. Da 55mm zai fito ƙarami ƙwarai, amma da duhu-duhun da ke fuskarsa.

Launin haske ba zan daɗe a kansa ba, don Auto na wannan ɓangaren yana ƙoƙari a waje. A cikin ɗaki mai ƙwan fitila ruwan ɗorawa ne fata kan yi ja-ja, a inuwa kuma takan yi shuɗi-shuɗi. Abin da ya fi mini shi ne in nuna wa kyamara farar takarda a ƙarƙashin hasken wurin, in ce mata wannan shi ne fari, akwai saitin yin haka a ciki. Faɗuwar rana kuwa nakan cire ta daga Auto in sa alamar rana ko ta gajimare, in ba haka ba takan rage jan da ya sa na fito.

Abubuwan da babu a jikinta ya kamata mai saye ya sani tun wuri. Babu maɓallin ISO na kansa, sai ka danna maɓallin i ka nemo shi a allo, kuma ga kyamarar da ake koyon haske da ita wannan rashi ne na gaske. Hanyar da na bi ita ce na kunna ISO mai sarrafa kansa, na yanka masa iyaka a 3200, na ce kada sauri ya gaza 1/125, shi ke nan na huta. Tayar juyawa ɗaya ce, don haka a M sai ka danne maɓallin ƙari da ragi kafin ka canza ƙofar haske, hannu yana sabawa cikin mako. Allon ba ya juyawa, ba a kuma taɓa shi, in za ka ɗauki yaro daga ƙasa sai ka durƙusa. Babu ramin makirufo, wanda ya isa ya sa mai son bidiyo ya sake tunani duk da tana ɗaukar 1080p. Babu Wi-Fi, sai Bluetooth ta manhajar SnapBridge. Tagar leƙe kuma kashi 95 cikin 100 take nunawa, saboda haka wani lokaci gefen kujera ko gwiwar hannun wani kan leƙo a bakin hoto ba ka gan shi ba.

Akwai Guide a kan faifan, kuma na raina shi da farko, ban kyauta ba. Yana tambayar ka abin da kake so, bayan hoto ya yi laushi ko motsi ya tsaya, sannan ya nuna maka lambar da yake canzawa. Da shi ɗiyar yayata ta koyi A cikin yamma ɗaya. Ga wanda ya taso daga waya yana son ya fahimci haske, yana ɗaukar iyali da tafiye-tafiye da fuskoki, ina ba da shawarar wannan kyamara da zuciya ɗaya, musamman in zai haɗa da lensin 35mm. Wanda kuma ya san a Auto zai bar ta har abada, wayar zamani za ta fi yi masa sauƙi, don ita tana haɗa hotuna da yawa ta gyara inuwa da kanta.

Wata rana na ɗauki hotuna kusan talatin na 'yata a fili da safe, ashe ISO na kan 6400 da ƙarin +1 tun daren jiya, duk suka wanke. Tun daga ranar, kafin in mayar da kyamarar jaka sai na dawo da faifai kan A, ƙofar haske f/5.6, ƙari da ragi a sifili, ISO a kan mai sarrafa kansa, launin haske a Auto, sannan in rufe lensi.